Gwiwar wandon jins ce ke fara tona asiri

Ƙannena masu son jins, ku daina zagin mai gwanjo in gwiwar wandonku ta koɗe ta yi jaka. Na daɗe ina ɗora masa laifi, ashe ni ke kashe wandunana da hannuna.

Yadin jins auduga ne mai zare iri biyu. Na tsaye shi ake rinawa shuɗi, na kwance a bar shi fari, shi ya sa cikin wandon ya fi wajensa haske. Rinin kuma irin na baba ne, sai dai na yanzu haɗin masana'anta ne, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897. Halinsa ɗaya da na gargajiya: ba ya ratsa zare, a bayansa yake kwanciya. Duk wanda ya ga yadda rawani ɗan Kura ke barin shuɗi a goshi ya san zancen. To ina ga gwiwa, wadda ke shan tsugunno, sujada, hawa babur da durƙusa wa manya? Ni kuwa sai in ƙara mata da burushi ranar wanki, ina dirza wai datti nake fitarwa. Launin nake kankarewa.

Jakar kuma daban take. Auduga in ta miƙe ba ta komawa da kanta, sai ta jiƙa ta bushe. Wannan da sauƙi, wanki ɗaya ya gyara. Matsalar tana ga matsattsen jins mai roba a cikin saƙarsa, wanda kuka fi so. Zafi ne ajalin robar nan. Ruwan zafi, dutsen guga mai jan garwashi, shanya a tsakar ranar bazara, duk na yi, kuma roba in ta saki babu telan da zai dawo da ita.

Ku sayi wanda gwiwarku za ta lanƙwashe a ciki ba tare da yadin ya ɗaure tamau ba. In za ku zauna, ku ɗan ja shi sama daga cinya, yadda dattawa ke yi. A juya shi baibai, a wanke da ruwan sanyi, a shanya a inuwa. Ba kullum ake sa wando ɗaya ba, a bar shi ya huta.

In kun ga farin zare ya fara leƙowa a gwiwa, ku kai wa tela ya sa masa faci ta ciki tun bai yage ba.