Yadda muka tuna da Davy Jones a gidan kula da tsofaffi a Manchester

Mawaƙi Davy Jones ya rasu ranar 29 ga Fabrairu, 2012, a jihar Florida ta Amurka, yana da shekara 66. Bugun zuciya ne ya same shi da safe bayan ya je duba dawakinsa. Da yake wannan rana ba ta zagayowa sai bayan shekara huɗu, da ta kusa dawowa a 2024 sai na nemi izinin shugabar gidan kula da tsofaffin da nake aiki a Manchester, na ce ina so in shirya wa mutanenmu zaman tunawa da shi da ƙungiyarsa ta mawaƙa da aka kafa don wani shirin talabijin, The Monkees.

Ni 'yar Zariya ce, da waƙoƙin Shata da Barmani Coge na tashi, sai na finafinan Indiya. Abin da ya haɗa ni da wannan mawaƙi wata dattijuwa ce da nake kula da ita, wadda ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta har ba ta iya kiran sunan 'yarta. Kullum ina taje mata kai sai ta riƙa gunjin wani kari a maƙogwaro, karin nan guda ɗaya, ba ya sauyawa. Wata Lahadi na yi wa 'yar tata shi da bakina na ce ko ta san shi. Hawaye ne suka fara zubo mata kafin ta ce mini "Daydream Believer" ce, kuma mahaifiyarta tana budurwa bangon ɗakinta cike yake da hotunan wanda ya rera ta. Ta ƙara da cewa ai ɗan garin nan ne.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na zauna karatu a kansa. An haife shi ranar 30 ga Disamba, 1945, a Openshaw, unguwar ma'aikatan masana'antu a gabashin Manchester, wurin da motar haya ke bi da ni idan zan je aiki. Yana yaro ya fito a Coronation Street a 1961 a matsayin jikan wata dattijuwa ta cikin wasan, Ena Sharples, kuma wannan wasan kwaikwayo har yau shi ne abin kallon tsofaffinmu da daddare. Mahaifiyarsa ta rasu yana da shekara 14. Da yake gajere ne ƙwarai, sai ya tafi Newmarket koyon sukuwar doki a hannun Basil Foster. Daga can aka ja shi zuwa dandalin wasan kwaikwayo a Landan, sannan New York, inda rawar da ya taka a wasan Oliver! ta sa sunansa ya shiga jerin masu neman lambar Tony, wato lambar yabo ta wasannin dandali a Amurka. Ranar 9 ga Fabrairu, 1964, ya fito a shirin talabijin na Ed Sullivan a Amurka a daren da shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta Beatles ta fara bayyana a cikinsa. Yana gefen dandali yana kallon yadda 'yan mata ke ihu.

Ita ƙungiyar ba abokai ba ne suka haɗu suka kafa ta. Masu shirya fim biyu, Bob Rafelson da Bert Schneider, su suka buga talla a jarida a 1965 suna neman samari huɗu don wasan barkwanci a kan mawaƙa masu neman sa'a. Mutum 437 suka nema. Aka tsayar da Micky Dolenz da Michael Nesmith da Peter Tork da shi Davy. Tashar NBC ta fara nuna shirin ranar 12 ga Satumba, 1966, ya ƙare a 1968 bayan kashi 58, ya kuma ci lambar yabo ta talabijin, Emmy, guda biyu a 1967. Waƙoƙin farko wasu ne suka rubuta, irin su Tommy Boyce da Bobby Hart, da Neil Diamond, da Carole King da Gerry Goffin, kuma makaɗan haya ne suka buga kayan kiɗan, samarin suka ɗora murya.

A nan na fara cin karo da turjiya. Akwai wani dattijo a gidanmu, hankalinsa garau, ƙafafu ne kawai suka gaza, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana buga jita a ƙananan kulob na garin. Da na faɗa masa shirina sai ya yamutsa fuska. Ya ce waɗannan ai 'yan wasan kwaikwayo ne aka rataya musu jita, su da suka sha wahalar koyon kiɗa a ɗakuna masu sanyi ba su taɓa ɗaukar su mawaƙa ba. Na ce masa: "Baba, to ka zo ranar ka faɗi haka a gaban kowa." Ya ce zai zo kuwa.

Maganarsa ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki, domin ita ce zargin da ya bi ƙungiyar tun daga 1967, kuma har yau ba a shigar da su zauren girmama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame ba. Ni dai abin bai dame ni yadda ya dame shi ba. A wurinmu ba wanda ya taɓa rage wa Shata daraja don wasu ne ke kaɗa masa kalangu, muryar da fasahar ake bi. Na san misalin bai cika ba, tunda Shata shi ke ƙirƙirar baitinsa nan take, su kuwa rubuta musu ake yi da farko. Amma da na ci gaba da bincike sai na ga su kansu samarin ba su yarda da matsayin da aka ajiye su ba. Nesmith da Tork makaɗa ne tun kafin a ɗauke su, kuma sun yi rigima sosai da Don Kirshner, mai kula da harkar kiɗan shirin, har aka sallame shi a farkon 1967. Daga nan suka shiga ɗakin naɗar sauti da Chip Douglas suka yi faifan Headquarters, mafi yawan kiɗan da hannunsu. Ya hau matsayi na ɗaya a Amurka, mako guda bayan haka faifan Sgt. Pepper na Beatles ya sauke shi. Yaran da aka ɗauka su yi kwaikwayon mawaƙa suka dage har suka zama abin da aka sa su kwaikwaya. Wannan ya sa na girmama su.

Abu mafi wuya a shirin bai shafi kiɗa ba. Zaman tunawa da mamaci ne, amma da yawa daga cikin masu halarta ba su riƙe labari. Idan ka ce wa mai ciwon mantuwa wane ya rasu, yana iya jin abin kamar yanzu ya faru, ya shiga baƙin ciki sabo fil, bayan awa guda ya manta dalili amma ƙuncin ya zauna masa. Na zauna da babbar nas ɗinmu da wasu daga cikin iyalai muka yi shawara. Muka tsayar da cewa a takardar gayyata da ta je wa iyalai za a rubuta dalilin zaɓen ranar, amma a cikin zauren ba za a yi sanarwar mutuwa ba. Wanda ya tambaya za a gaya masa gaskiya a hankali, ba za a yi wa kowa ƙarya ba. Abin ya yi mini nauyi da farko, domin mu idan muka tuna da mamaci sunansa muke kira mu yi masa addu'a mu fitar da sadaka, mutuwar ce a gaba. A nan kuwa dole na koyi tuna mutum ta hanyar abin da ya bari kawai.

Sauran shirye-shiryen ƙanana ne amma su suka riƙe zaman. Mun sa shi ƙarfe biyu na rana, bayan cin abinci, saboda masu ciwon mantuwa sukan rikice idan yamma ta yi. Mun duba na'urar ji ta kowa da safe. Mun buga baitocin da manyan baƙaƙe. Ban nuna kashi guda cikakke ba, don maganar cikinsa tana da sauri kuma barkwancin na tsalle-tsalle ne, sai na zaɓo wuraren da waƙa ke tashi samarin suna guje-guje a bakin teku ko a kan keke. Na kuma nemi iyalai su zo da duk wani tsohon faifai ko mujalla da ke gida. Wata ta kawo ƙaramin faifan garmaho da sunan mahaifiyarta a rubuce da biro a jikin takardarsa, rubutun yarinya.

Ranar ta kama Alhamis. Abin da ya fara tayar da zauren ban yi tsammaninsa ba. BBC ta fara nuna shirin a ƙarshen 1966, a lokacin kuwa tasharta ta ɗaya baƙi da fari take nunawa, sai a 1969 ta koma mai launi. Da hoton ya fito a babban allo sai wata dattijuwa ta nuna hular ulun da Nesmith ke sawa ta ce ashe koriya ce, ita a talabijin ɗin gidansu toka-toka take ganinta. Daga nan baki ya buɗe. Wannan ta ce ranar Asabar da yamma suke kallo, kwanon shayi a cinya. Waccan ta ce mahaifinta yakan kashe talabijin ɗin saboda tsawon gashin yaran. Na lura cewa duk lokacin da na fara ba da tarihi sai zauren ya yi sanyi, idan na yi shiru na jefa tambaya guda sai ya ɗauka. Takardun bayanin da na kwana ina rubutawa na ninke su na sa a aljihu. Tarihin nasu ne, sun fi ni saninsa ta inda ya fi muhimmanci.

Dattijon nan mai jita ya cika alkawari. Ya faɗi ra'ayinsa ba tare da ya rage komai ba, mata biyu suka taso masa, aka yi musu mai daɗi. Sai kuma shi da kansa ya ba da labarin yadda gwanin jita Jimi Hendrix ya riƙa buɗe wa Monkees wasa a Amurka a watan Yulin 1967, 'yan mata suna ihun sunan Davy a kan kiɗansa, har ya haƙura ya bar rangadin bayan 'yan wasanni. Ya ba da labarin ne don ya nuna rashin kunnen masoyansu, amma a ƙarshe ya yarda cewa su Monkees ɗin ne suka nemi a ɗauko Hendrix, don sun san gwani idan sun ji shi. Da na roƙi mai sukar ya zauna a ɗakinsa don kada ya ɓata wa mutane rai, da zaman ya rasa rabin armashinsa.

Da aka sa "I'm a Believer", wadda Neil Diamond ya rubuta, Dolenz ya rera, sai ga abokan aikina matasa da jikokin da suka zo suna bi baki da baki. Su daga fim ɗin Shrek na 2001 suka san ta, ba su ma san tana da asali a 1966 ba. A nan na ga gadon ƙungiyar da idona. Waƙar ta tsallake zamani uku a ɗaki ɗaya. Haka ya faru a 1986, lokacin da tashar waƙoƙi ta MTV ta sake nuna shirin a jere, yaran da ba a haife su ba lokacin da aka yi shi suka rungume shi, ƙungiyar ta koma rangadi. Ba abin mamaki ba ne, domin waɗannan gajerun wurare na waƙa da hoto masu saurin yanka su ne kakannin bidiyon waƙa da tashar ta ginu a kai. Har sunan wani babban mawaƙi ya shafa: David Bowie sunansa na yanka David Jones, ya sauya ne don kada a riƙa haɗa su.

Dattijuwata na ajiye ta kusa da ni, 'yarta a ɗaya gefen. Waƙarta na sa a ƙarshe, wadda John Stewart ya rubuta, ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a Disambar 1967. Ba zan ce ta warke ko ta gane 'yarta ba, hakan bai faru ba. Amma ta rera amshin da kalmominsa, daidai, ita da ta yi watanni ba ta haɗa jimla ba, kuma ta ci abincin darenta ba tare da rigima ba. Mutum ɗaya ne ya tambaye ni ko yaron nan yana raye. Na ce masa ya rasu tuntuni, haka Tork a 2019 da Nesmith a 2021, Dolenz ne kaɗai ya rage. Na ƙara masa da cewa Davy bai rabu da dawaki ba, har ya ci tseren doki karo na farko a filin sukuwa na Lingfield a 1996 yana da shekara 50. Dattijon ya yi dariya ya ce ɗan Openshaw ba ya sakin abin da ya riƙa.

Bayan zaman na kai wa shugabar gidan shawara, ta kuma karɓa: duk wanda aka kawo mana, cikin tambayoyin da ake yi wa iyalinsa a ranar farko a sa da waƙoƙin da yake so tsakanin shekara goma sha biyu zuwa ashirin, da sunan mawaƙin, ba wai a rubuta "yana son kiɗa" kawai ba. Yanzu idan za mu yi wa wani wanka kuma yana turjewa, mukan fara da waƙarsa kafin mu taɓa ruwa. Shi kuma dattijo mai jita ya kafa sharaɗi cewa zama na gaba na ƙungiyar Hollies ne, tunda su ma 'yan Manchester ne kuma da hannunsu suka buga kiɗansu tun daga farko. Shi ne zai jagoranta, ni aikina ɗauko masa faifan da tura kekensa zuwa gaban zaure.