Ranar da na ƙara wa motar soja oyil kula ta ƙara ɗaukan zafi

Ni dai a Kano na koyi bakanikanci, kan su Marsandi 911 da DAF na tashi, duk masu giyar hannu, kulocinka da sandar giya shikenan. To da Allah ya kai ni Texas na samu wani gareji na manyan motoci sai na tarar mutanen nan suna da wata irin soyayya da tsofaffin motocin sojansu, gwamnati ta gama da su ta sa a gwanjo, manomi ya saya ya kai gona, wani ma don sha'awa kawai ya ajiye a ƙofar gida.

Wacce ta ba ni darasi M923 ce, cikin jerin M939 ɗin nan da AM General ta fara ƙerawa a 1982, ƙafa shida duk suna ja, injin Cummins NHC-250 mai lita 14, giyabos kuma otomatik na Allison MT654CR mai giya 5. Mai ita yana jan katafila ne a tirela, ya ce da ya fara hawan tudu da rana allurar gejin man giya sai ta wuce 250, su da Fahrenheit suke lissafi, kusan 120 kenan a namu. Littafin motar yana son ta tsaya tsakanin 120 da 220, in ta taɓa 300 kuwa ka faka kawai. Ya ce a ƙara mishi oyil kula, wato ɗan ƙaramin lagireto mai sanyaya man giya. Oga baya nan, na ce ai wannan ƙaramin aiki ne.

Na ɗauko kula irin ta a-kori-kura na ɗaure gaban lagireto, tiyonta siriri kaman ɗan yatsa, na asalin motar kuwa ya fi babban yatsana kauri, na nemi rijusa, mahaɗin babban tiyo da ƙarami, na haɗa su, har ina jin daɗi aikin yayi kyau ba yoyo ko ɗigo. Bayan kwana uku mutumin ya dawo fuska ba annuri. Zafin bai sauka ba ƙaruwa ma yayi, man da na zaro da difstik na shinshina yana warin ƙonannen ƙosai.

Oga dattijo ne, a soja ya yi kanikancinsa, bai min faɗa ba wanda wlh da ya zage ni ma ya fi min sauƙi. Kama siririn tiyon nan kawai yayi da yatsu biyu ya kalle ni. Sannan ya zauna ya min bayanin abin da ya kamata in tambaya tun farko. Man da ke fita daga kombata, wato abin da ke haɗa inji da giyabos a madadin kuloci, ya bi ta kula, in ya dawo shi ne yake shafa bearin da faifan kuloci na ciki, to ni na shaƙe mishi wuya, ga zafi ga yunwar mai. Famfon giyabos irin wannan mai yake turowa da yawa, ba na ƙaramar mota ba ne. Allah ya rufa asiri mutumin bai yi nisa da ita ba.

Abin da ya fi ba ni kunya ma ba wannan bane. Motar tana da kularta ta asali wacce ruwan inji ke sanyaya ta, kenan in ruwan da kanshi yana tafasa me zai sanyaya? Da muka haska tocila ta bayan lagireto haske baya ratsawa, laka da ƙaiƙayin ciyawa sun toshe kusan rabi, ga fanka bata kamawa a kan lokaci. Wanki da gyaran fankar kaɗai sai da suka sauke allurar sosai tun kafin mu taɓa komai. Ni ban ma duba ba, an ce kula na ruga kula.

Daga baya mun saka ƙarin, amma babba mai bakin da ya yi daidai da tiyon asali, da fankar lantarki tata, kuma a jere, mai ya fara shiga ta ruwa sannan ta iska sannan ya koma. Oga ya dage sai an sa tamosta mai sa man ya kewaye kula in bai yi ɗumi ba, don in sanyi ya zo man kar ya yi kauri ya ƙi gudu. Na so in yi gardama, Texas wane sanyi, sai ya tuna min Fabrairun 2021 da ƙanƙara ta kashe musu wuta kwanaki, na ja bakina. Tiyo na haidurolik muka matse da inji ba kilif ba, muka raba shi da salansa da duk inda zai goga ƙarfe. Sai ƙarin mai, tunda sabuwar kula da tiyo sun sha nasu, a auna inji na aiki giya a firi bayan ta yi ɗumi. Wani abin mamaki, sojoji baƙin man inji suke zubawa a giyabos ɗin nan ba jan mai ba, don haka ka tambayi me ke ciki kafin ka gauraya.

Sauran zafin kuma a ƙafar direba yake. Kombata in tana sulɓi, wato mota na rarrafe da kaya a babbar giya, nan take dafa man. Oga ya ce wa mai motar in zai ja nauyi a hankali ya sa ta a lo, wato giyar ƙarfi, ya bar inji ya yi juyi, amma kar ya kuskura ya taka ribas da ƙarfi a lo ɗin, motocin nan sun yi suna wajen fasa taransifa, akwatin giyar da ke raba ƙarfi ga ƙafafun gaba da na baya, ta haka.

Da daddare na kira tsohon ogana na Ƙofar Ruwa na ba shi labari, ya yi dariya har da tari, ya ce kai yaro har Amurka ka kai gaggawar nan taka? Na ce Oga a yi haƙuri. Siririyar kular tana nan rataye a ƙusa saman akwatin sifanata, dattijon ya hana a jefar.