Gabas ɗin Taswira da Gabas ɗin Masallaci

Duk shekara idan na karɓi 'yan aji biyu na babbar sakandare a darasin labarin ƙasa, kafin in warware taswira ko ɗaya nakan fitar da su filin makaranta in ce kowa ya nuna mini gabas. Kusan dukkansu sai su juya inda suke fuskanta a salla. Ba laifinsu ba ne, haka muka tashi muna faɗa. To amma alƙiblar Zariya tana wajen digiri 67 ne daga arewa, gabas ɗin taswira kuwa digiri 90 ce cif. Tazarar digiri 23 ke nan. Yaron da ya daidaita taswirarsa da alƙibla ya miƙe tafiyar kilomita 1, zai kauce wa inda ya nufa da kusan mita 400. Wani zai ce, "Malam, ai sai mu bi mafitar rana." Ita ma ba ta tsayawa wuri ɗaya. Sai wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba take fitowa daidai gabas. A ƙarshen Yuni takan karkata arewa har ta kusa daidai da alƙiblarmu, a Disamba kuma ta koma kudu da kwatankwacin haka.

Shi ya sa darasin farko na kamfas ne, a waje. A shimfiɗa shi a tafin hannu, a jira allurar ta natsu, a nisanci ƙofar ƙarfe da babur da wayar hannu. Tebur mai ƙafafun ƙarfe ma yakan ja allurar, na sha ganin rukuni biyu a aji ɗaya sun sami arewa biyu saboda shi. Da an sami arewa, sai mu ja ta da toka a ƙasa, mu kwantar da taswira a kanta yadda samanta zai dubi can.

A tambayar awon kusurwa, kalma ɗaya ce take kayar da yara: "daga". Idan aka ce a nemo kusurwar A daga B, a B za ka tsaya. Nan za ka ja layin arewa, nan za ka ɗora tsakiyar furotakta, wato ma'aunin kusurwa, ka auna bi da hannun agogo har ka iso layin da ya tafi A. Amsa lamba uku ce kullum, 045 ba 45 ba. Furotaktar da ke cikin yawancin akwatunan lissafi rabin da'ira ce, don haka in wurin yana yamma da layin arewa, sai a juya ta, a auna daga kudu, a ƙara 180. Nakan sa su auna ta dawowa ma. In bambancin biyun bai zama 180 ba, akwai kuskure a ɗaya.

Sikeli ba shi da wuya in an tsayar da abu guda a ka: a taswirar 1:50,000, santimita 2 kilomita 1 ce; a ta 1:100,000, santimita 1 kilomita 1 ce. Hanya ko rafi mai lanƙwasa ana bin sa da zaren ɗinki, a miƙe zaren a kan rula. A taswirar 1:50,000, santimita 13 ta zama kilomita 6.5. Kada a yi da zaren saƙa na ulu, miƙewa yake yi ya ƙara tsawo. Inda ake yawan faɗuwa shi ne rage taswira. An ce a mayar da ita rabi, sai yaro ya raba 50,000 biyu ya rubuta 1:25,000, alhali taswirar da ta ƙanƙance lambarta girma take yi, ta zama 1:100,000. Filin da ta ci a takarda kuma kashi ɗaya cikin huɗu ne, ba rabi ba.

Ga wani abu da ya shafe mu malamai. Taswirorin asali sun yi ƙaranci, fotokofi muke rabawa. Idan mai injin ya matse babbar takarda A3 ta koma A4, komai ya ragu zuwa kimanin kashi 71 cikin 100. Rubutun 1:50,000 yana nan a ƙasa, amma ya zama ƙarya, domin kilomita 1 yanzu santimita 1.4 ce. Sikelin layi, wato layin awon nisa da aka zana a jikin taswirar, shi ne kaɗai ya rage gaskiya, tunda tare suka ƙanƙance da taswirar. Kafin in raba kowane kofi nakan ɗora rula a kan sikelin layin in tabbatar.

Layukan tsayi, masu haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya a taswira, waɗanda muke kira kwantuwa a aji, su suka fi cin lokacina, kuma ban taɓa jin na yi asarar lokacin ba. Zane a allo ba ya shigar da su. Abin da na ga yana aiki shi ne yumɓu. Kowane rukuni na mutum biyar ya gina tudu mai tsayin santimita 10 zuwa 12, gefe ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance, a tsaga masa kwari da yatsa daga sama zuwa ƙasa. Sai a soka tsinke biyu tun daga ƙololuwa har gindi a zare, domin ramukan nan biyu su za su riƙa nuna mazaunin kowane yanki. Daga nan a yanka tudun da zare, a kwance, duk bayan santimita 2. A ɗauki yankin ƙasa a zagaye bakinsa da fensir a kan takarda, a ɗiga wurin ramukan, a ɗaga. A kawo na samansa a daidaita ramukansa da ɗigon, a zagaye, har na ƙarshe. In an manta da tsinken, zobban za su zame, hoton ya lalace. In yumɓun ya yi ruwa da yawa, zaren ba zai yanka shi da tsabta ba, a bar shi ya sha iska kamar awa ɗaya.

Da sun mayar da yankunan sun sake haɗa tudun a gefen takardar, ba sai na yi dogon bayani ba. Da idonsu suke ganin layuka sun cunkushe ta gefen da ke tsaye, sun ware ta gefen kwance, sannan a kwarin sun lanƙwashe kamar bakin mashi yana nuna sama, inda ruwa ke fitowa. Wannan shi ne sirrin gane inda rafi ya nufa: tsinin yana duban mafari, ruwan yana tafiya akasin haka. Hancin tudu ma irin wannan lanƙwasar gare shi, sai dai tsininsa ƙasa yake nunawa, don haka dole a karanta lambobin da ke kan layukan kafin a yanke hukunci.

Bayan yumɓu sai ƙasar kanta, kuma Zariya ta yi mana gata a nan. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai tsayin sama da ƙafa 2,000 daga teku, sai ga Dutsen Kufena ya taso shi kaɗai a kusa da Wusasa. A taswirar Zariya mai lamba 102 yana fitowa kamar zobba a matse cikin juna, kewayensa kuwa layi da layi sai an yi tafiya. Ga Kubanni ta ratso ta Samaru ta gangara ta faɗa Galma, Galma kuma ta kai ruwanta Kogin Kaduna. Yaron da ya san fadamar Galma da rakenta da lambunanta, in ka nuna masa alamar dausayi da layuka masu nisa da juna, nan take yake ganewa. Taswirorin tsofaffi ne ƙwarai, unguwanni da yawa da suka cika yanzu tsakanin Sabon Gari da Samaru gonaki ne a cikinsu. Ina ganin wannan riba ce. Nakan sa su nemo abin da bai gusa ba, layin dogo da ganuwa da koguna da duwatsu, sannan su zana da jan biro inda gari ya ci gona.

Tsufan nan yana da tarko ɗaya. Tsayi a cikinsu da ƙafa aka rubuta, tazarar layi da layi ƙafa 50, nisa kuwa da mita muke aunawa. A ce wuri ɗaya yana kan 2,200, ɗayan yana kan 2,050, tsakaninsu santimita 4.6 a taswirar 1:50,000. Bambancin tsayi ƙafa 150, a ninka da 0.3048 ya ba da mita 45.7. Nisa kilomita 2.3, wato mita 2,300. A raba 2,300 da 45.7, gangaren ya zama kimanin 1 cikin 50. Wanda bai juya ƙafa zuwa mita ba zai sami 1 cikin 15, ya mayar da fili mai sauƙin hawa ya zama gangare mai tsanani. Tambaya ta ɗaya a takardar aikin taswira ta WAEC dole ce, kuma irin wannan wurin ne maki ke zubewa. Haka a zanen tsagin ƙasa, wato hoton hawa da saukarta kamar an yanka ta ana kallo daga gefe: in sikelin kwance 1:50,000 ne, a ɗauki santimita 1 a matsayin mita 50 a tsaye, ƙarin tsayin ya zama ninki 10. Wanda ya wuce haka sosai zai mayar da tudun noma ya koma tsauni.

Giraf bai kai taswira wahala ba in an fara da yanayin da yara ke rayuwa a ciki. Ruwan sama sanduna ne, zafi layi ne, kowanne da ma'auninsa a gefensa. Zariya takan sami ruwa wajen milimita 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Oktoba, sandar Agusta ta fi kowacce tsawo. Layin zafi yakan kai ƙololuwa a Afrilu, ya sauka da damina, ya fi yin ƙasa a hunturun Disamba da Janairu. Sai in ajiye na Legas a gefe: tudu biyu, da ɗan kwari a Agusta, watan da mu muke tsakiyar marka. Daga nan suke koyon gane yanki daga siffar giraf. Kuskuren da ya fi yawa shi ne haɗa jimillar zafin wata goma sha biyu kamar na ruwa. Ruwa ake tarawa. Zafi matsakaici ake nema, ko tazarar wata mafi zafi da mafi sanyi.

Lambobin da suka tara da hannunsu sun fi zama musu. Muna da ma'aunin ruwa na gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, bakinsa daidai da gindinsa, a kafe bakin yana santimita 30 daga ƙasa don kada fantsama ta shiga, nesa da gini da bishiya da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Ana karantawa kowace safiya a lokaci ɗaya, a zubar. Robar lemo ba ta yi, gindinta ba a baje yake ba. A kewaye wurin da ƙaya saboda awaki.

Ƙirgar ababen hawa ma aiki ne mai sauƙi. Mutum biyu a kowane hannu na titi, kowa da nau'in da yake ƙirgawa, minti 15 daidai, kara huɗu na biyar ya gitta. Idan mutum ɗaya ya ce zai riƙe babura da keke da motoci duka a wuri mai cunkoso kamar Kwangila, lissafi zai kuɓuce masa tun minti biyun farko. A ce an sami 200: babura 90, keke 60, ƙananan motoci 40, manya 10. Don zana giraf ɗin da'ira, kowanne a raba da 200 a ninka da 360, ya ba da digiri 162, 108, 72 da 18. A haɗa su kafin a taɓa furotakta. In ba su cika 360 ba, da'irar ba za ta rufe ba.

Awon rafi ba na yin sa da tsakiyar damina. Sai ƙarshen Oktoba ko Nuwamba, a wurin da ruwa bai kai gwiwa ba, kuma masu takalman ruwa ne kaɗai ke shiga saboda tsargiya. A zaɓi miƙaƙƙen wuri, a auna mita 10 a kafa turaku. A ja igiya a ƙetare, a auna zurfi duk bayan santimita 50. Faɗin mita 4 da matsakaicin zurfi mita 0.25 ya ba da murabba'in mita 1. Sai a saki lemon zaƙi ɗan sama da turken farko, a kama lokaci sau uku. Lemo ya fi kara ko robar da ba komai a ciki, domin yawancin jikinsa na cikin ruwa, iska ba ta tura shi. Daƙiƙa 24, 26 da 25 matsakaicinsu 25, gudun ya zama mita 0.4 a daƙiƙa. Ruwan sama-sama ya fi na ƙasa sauri, don haka a ninka da 0.8, a sami 0.32, a ninka da murabba'in mita 1 ɗin nan, a sami yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa.

Tambayoyin kasuwa su suka fi buƙatar hankali. Kwana biyu kafin ranar nakan je da takardar makaranta wurin sarkin kasuwa ko mai unguwa in ce, "Ranka ya daɗe, yara ne za su zo neman sani, ba maganar haraji ba ce." In ba a yi haka ba, ganin biro da takarda kaɗai ya isa mutane su tsuke baki. Tambayoyi kada su wuce takwas, a rubuta su da Hausa tun a aji, domin in kowane yaro zai fassara da kansa a gaban ɗan kasuwa, tambaya ɗaya za ta zama goma. Yaro ya fara da sallama da "Baba, sannu da kasuwa" ko "Inna, ina wuni", ya jira mai saye ya gama. Ba a tambayar mutum ribarsa kai tsaye. A tambaye shi daga wane gari kayan suka zo, a wace mota, sau nawa a mako. Garuruwan nan su muke ɗorawa a taswira washegari, mu ja kibiya daga kowanne zuwa Zariya, kaurinta milimita 1 ga kowane mutum biyu da suka ambaci garin. Takardun kuwa a ranar nake karɓarsu kafin a watse, in duba kwanan wata da wuri da lokaci a saman kowacce, domin wadda ta kwana a gida takan dawo da gurabenta a cike da lambobin da ba a kasuwa aka samo su ba.