Jajiberin Sallah da rasuwar Daso

Talata, 9 ga Afrilu 2024, azumi na talatin.

Ina tsugune gaban kasko ina suyar cincin ƙanwata ta fito da waya a hannu, ta ce, "Yaya, wai Daso ta rasu." Na ce ta raba ni da ƙaryar Facebook, sau nawa ake kashe 'yan fim da baki suna raye? Kafin azahar labari ya tabbata. Saratu Giɗaɗo, 'yar fim ɗin Hausa da aka fi sani da Daso, ta yi sahur, ta koma barci, ba ta farka ba. Shekararta 56. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Hajiyarmu. Tun muna yara, zamanin kaset, ba ta da abokiyar gaba irin matar nan. Da ta ga fuskarta a talabijin, ta kafe ɗaurin ɗankwali tana zare ido, sai Hajiya ta fara: "Ga muguwar nan ta zo, Allah ya isar wa yarinyar nan." Yau kishiya, gobe uwar miji, jibi matar uba mai zuwa gidan boka. Mun sha gaya mata wasa ne, ta ce wanda bai iya mugunta ba ba zai iya kwaikwayonta haka ba.

To yau da na faɗa mata, shiru ta yi, carbi a hannu. Can ta ce, "Ashe ma ƙanwar bayana ce." Sai hawaye.

Na daɗe ina tunanin irin aikin nan nata. Jaruma ita ke rawa da waƙa, hotonta ne a bangon kaset, ita samari ke so. Daso kuwa rabonta tsinuwa, alhali in babu ita fim ɗin lami ne, don ba wanda zai sa jarumar kuka. Tun shekarar 2000 take wannan, bayan ta yi koyarwa a makaranta. Malamar yara fa! Daga baya har Sarki Muhammadu Sanusi II ya ba ta aiki a fada. 'Yan shekarun nan kuma a waya muka fi ganinta, tana barkwanci tana dariya, har Hajiya ta taɓa cewa wannan ba ita ba ce, mai kama da ita ce.

Cincin kasko ɗaya ya ƙone. Tela kuma, kamar kullum, bai gama ɗinkin yara ba, ya ce a dawo bayan isha'i.

Da aka sha ruwa Hajiya ta zuba ƙosai da kunu a kwano, ta ce a miƙa wa almajiran ƙofar gida, sadaka ce, Allah ya kai ladan kabarin Saratu. Da sunanta na yanka ta kira ta, karon farko da na taɓa ji a bakinta. Sannan ta ce in zo in ƙulle mata lalle kafin ya bushe.