Hamsin da biyu, ƙarfe uku na dare

Laraba.

Ƙarfe 3:10 na dare waya ta fasa ihu a gefen filo. Ba kukan kira ba ne, wannan mai kaifin ne da ke shiga har cikin haƙori. Na lalubo ta da ido ɗaya a buɗe: 52, da jan rubutu, kibiya ta miƙe tsaye tana kallon ƙasa. Duk mai ciwon sukarin da ke allurar insulin ya san ma'anar wannan lamba. Ƙasa da 70 sukari ya faɗi. Ƙasa da 54 kuwa an shiga inda ba a wasa, domin daga nan ne hankali ke fara gushewa.

Uwargida ta riga ni tashi zaune.

"Malam, huda yatsa tukuna."

Na ce ina! Mitar auna sukari a jinin yatsa tana cikin jakar aiki a falo, kuma tun da na fara manna sensa a damtse, wato 'yar na'urar da ke auna sukari tana aiko da lambar zuwa waya, na mai da mitar kamar tsohuwar fitila, sai an ɗauke wuta ake tunawa da ita. Na jawo kwalin ruwan lemon da nake ajiyewa a gefen gado na shanye, na bi shi da ƙwayoyin gulukos huɗu. Ƙa'ida ta ce giram 15, a jira minti 15, a sake aunawa. Na san ta kamar yadda na san sunana. Amma da rana aka rubuta ƙa'idar, ba da ƙarfe uku na dare waya na ihu ba. Abin da na zuba wa cikina ya haura ninki biyu.

Ta ɗora hannu a goshina. "Ko ɗigon gumi babu. Miƙo hannunka in gani." Na miƙa. Ko rawa bai yi ba.

Bayan minti goma na sake dubawa: 113. A nan jikina ya yi sanyi, domin ruwan lemo ba ya ɗaga sukari da sauri haka. Kafin ya bar ciki, ya shiga jini, ya isa inda sensa take, ana ɗaukar lokaci. Ba lemon ne ya ɗaga lambar ba. Tashin da na yi daga kan hannuna ne. A kan damtsen hagu na kwana, daidai inda na manna sabuwar sensa jiya da yamma, na danne ta da dukan nauyina. Idan aka danne wurin haka, jini ba ya zagayawa sosai a kewayenta, sukarin da ke ɗan wurin ya ragu, ita kuma ta ɗauka duk jikin ne ya bushe. Ba yau na fara jin labarin ba. Sani dai bai hana ni faɗawa ba.

Barci bai dawo ba sai wajen huɗu da rabi.

6:30 na safe, sensa ta ce 241. Wannan karon na je na ɗauko mita, na wanke hannu, na huda: 226. Baki ya bushe, kai ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Garin gyaran gira na kusa taɓa ido. Na buɗe zanen daren na duba da kyau. Layin yana tafe lafiya lau a wajen 120 tun sha ɗaya, sai kwatsam ya rufta kamar an haƙa masa rijiya, ya sake fitowa tsaye a ɗaya gefen. Faɗuwar gaske ba ta cika yin wannan siffa ba, gangarowa take yi a hankali kamar mai saukowa daga tudu. Da idona biyu da na gane. Uwargida ba ta ce komai ba, ta dai ajiye mitar a gefen gado da ɗan ƙarfi, yadda zan ji.

Na yi allurar gyara, na karya, na fita.

A mota na yi ta tunanin wani abu da mutane da yawa ba su sani ba idan suka ga farin abin nan a damtsena suna tambaya. Sensa ba jini take aunawa ba. Wani ɗan siririn zare ne, kaurinsa bai fi na gashi biyu ko uku ba, yake shiga ƙarƙashin fata 'yan milimita kaɗan, ya zauna cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin naman jiki. A jikin zaren akwai sinadarin da ke haɗuwa da sukari ya haifar da 'yar wutar lantarki, na'urar kuma ta juya wannan wuta ta zama lamba, wasu kowane minti ɗaya, wasu kowane minti biyar. Sukari sai ya fara shiga jini, sannan ya tsattsafo zuwa wannan ruwa. Shi ya sa kullum sensa a baya take, da kamar minti 5 zuwa 15. Idan sukari na zaune wuri ɗaya ba ka lura da tazarar. Idan yana gudu, sama ko ƙasa, labarin ɗazu take ba ka.

Da na isa ofis na kira ma'aikaciyar jinyar da ke duba mu a asibiti, da niyyar kai ƙara. Na ce, "Sista, wannan sensar taku maƙaryaciya ce, zan ɓamɓare ta." Ta yi dariya, ta tambayi yaushe na manna. Na ce jiya. Ta ce to in ba ta kwana ɗaya, domin a awa 24 na farko wurin da zaren ya shiga bai gama hucewa ba, lambobi sukan yi tsalle. Ta tambayi abin da yatsa ya ce da safe. Da na faɗa mata 226 da 241, ta ce ai wannan ba saɓani ba ne, sun ma yi kusa. Sannan ta ja mini kunne kan wani abu da ban so ji ba: rashin gumi da rawar hannu ba hujja ba ce cewa sukari bai faɗi ba. Waɗanda suka daɗe da ciwon wasu jikinsu yakan daina yi musu gargaɗi, musamman cikin barci. Ta ce idan ba mita a kusa, gara in sha sukarin a kan in yi caca. Kuskurena biyu ne: mitar da na bari a falo, da yawan abin da na sha.

Ta yi gaskiya kan lambobin, na lissafa daga baya. Kamfanin Dexcom, mai ƙera sensa, yana da abin da yake kira ƙa'idar 20: idan mita ta nuna 80 ko fiye, ana ɗaukar sensa ta yi daidai muddin bambancin bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, idan ƙasa da 80 ne kuma bai wuce maki 20 ba. Ke nan a kan 226, komai daga wajen 181 zuwa 271 ya shiga. Fili ne mai faɗi. Ita ma mitar da muke ɗauka alƙali ba ma'asuma ba ce. Ma'aunin ingancin mita na ƙasa da ƙasa, ISO 15197 na 2013, ya yarda mata ta kauce da kashi 15 cikin 100 idan sukari ya kai 100 ko fiye, ko maki 15 idan bai kai ba, kuma a gwaji 95 cikin 100 kawai ake neman ta cika wannan sharaɗi. Masu sayar da sensa sun fi son ambaton wata lamba mai suna MARD, matsakaicin kaucewa daga gwajin ɗakin bincike, wanda a na'urorin yanzu yake wajen kashi 8 zuwa 10. Lamba ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai matsakaici ne. Dare irin na jiya narkewa yake cikinsa kamar gishiri a kogi.

Duk da bayanin Sista, na wuni ina harare-hararen wayar. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ni nawa ya zo a juye: na daina gudun tsumman, har da macijin.

Na ci abincin rana a makare, ban ci da yawa ba, amma na yi allura kamar na cikakken abinci domin lambar safe tana ci mini rai. Daga nan aka aike ni wani gini, na tafi a ƙafa na dawo a ƙafa, kusan rabin awa. 4:40 muna tsakiyar taro waya ta girgiza a aljihu. 74, kibiya ƙasa. Na ce a raina, kin sake ko? Na kashe, na mai da ta aljihu, na ci gaba da magana kan jadawalin wata mai zuwa.

Ba ta sake ba. Bayan kamar minti ashirin na ga layukan takardar da ke gabana suna hawa kan juna. Na nemi wata kalma mai sauƙi na rasa. Rigata ta manne a baya. Yaron da ke zaune kusa da ni ya sunkuyo ya ce, "Yallaɓai, lafiya kuwa? Ka yi fari fat." Na fita da jaka, na zauna a kan matakala, da ƙyar na saka tsinken gwaji a mita saboda rawar yatsu. 56. Sensa a lokacin tana cewa 66. Wato ba kawai gaskiya ta faɗa ba, ragi ma ta yi mini, domin tana baya. Lokacin da ta ce 74 da kibiya ƙasa, jinin ya riga ya yi gaba. Kibiyar ce saƙon. Ni kuwa na tsaya faɗa da lambar.

Yaron ya kawo ruwan lemo, na sha rabin kwalba, ya zubo mini a hannu. Na kafa wa agogo ido. Minti goma sha biyar ɗin nan sun fi kowane tsawo a rayuwar mai wannan ciwo, domin jiki ihu yake a ci duk abin da ke gaba. Da suka cika, sensa ta ce 58. Ƙasa da ɗazu! Hannuna har ya kai kan sauran lemon. Sai na tuna daren jiya, na huda yatsa: 171. To fa. Ɗaya ta ce 58, ɗaya ta ce 171, ni kuma a tsakiya a kan matakala. Na dubi yatsan, yana danƙo. Na je na wanke da sabulu, na goge ya bushe, na sake hudawa: 84. Lemon da ke kan fata mitar ta auna da farko. Sensa kuma sai bayan minti goma ta fara ɗagowa, 67, 79, 90, a natse, kamar ba ita ta kusa sa ni maimaita wautar jiya ba.

Yaron ya ce, "To wanne ne gaskiya a cikinsu, Yallaɓai?" Na ce 84, kuma ita ma da 'yan kai.

Da na dawo gida na zaro takardar da ke zuwa cikin kwalin sensa, wadda ake naɗewa kamar taswira, ba wanda ke karantawa. A rubuce yake ƙarara: idan lamba ba ta dace da yadda kake ji ba, ka yi amfani da mita. Kowane kamfani yana rubuta wannan. Akwai kuma maganar magunguna, wadda ta fi ba ni tsoro fiye da danne hannu, domin sau da yawa sama take ɗaga lamba, ta ɓoye faɗuwa. A sensa mai suna FreeStyle Libre 2 an yi gargaɗi kan bitamin C idan ya wuce miligiram 500 a rana. A Dexcom G6 da G7 an yi gargaɗi kan hydroxyurea, maganin da ake ba wasu masu sikila da wasu masu ciwon daji. Farasitamol ma yana rikita wasu na'urorin, musamman tsofaffin ƙira. Mutum yana iya shan maganin mura mai bitamin C da zuciya ɗaya, sensa na nuna masa 95 alhali yana gangarawa, ko ya ga lamba ta hau ya ƙara insulin a kan ƙarya. Na ɗauki hoton shafin da ya shafi tawa na ajiye a waya.

Uwargida ta same ni a kan takardar. Na ba ta labarin matakala. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Da dare ka yarda da ita ba ka tambaya ba, da rana ka ƙaryata ta ba ka tambaya ba. Yatsun nan goma na mene ne?" Ban da amsa.

Ba zan ɓamɓare ta ba. Na tuna shekarun da nake huda yatsa sau huɗu a rana, tsakanin huda da huda kuwa duhu ne, ban san abin da ke faruwa daga sha ɗayan dare zuwa wayewar gari ba. Abin ma ba daɗewa ya yi ba. Sai a 1999 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da na'urar farko irin wannan, ta kamfanin MiniMed, kuma mai ɗauke da ita ba ya ganin lamba ko ɗaya, sai bayan kwana uku likita ya sauke bayanan a kwamfuta. Sai a ƙarshen 2016 FDA ta fara yarda a yanke shawarar allura da lambar sensa ba tare da huda yatsa ba. Yau ina bin layin sukarina kamar mai kallon hanya ta tagar mota. Likitoci na so mutum ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin 100 na yini. Na yau kashi 58 ne, kuma rabin ɓarnar da hannuna na yi ta.

Yanzu 10:50. Sensa ta ce 134, kibiya a kwance. Yatsa ya ce 127. Mita, tsinken gwaji, auduga da ƙwayoyin gulukos huɗu cif, ba ƙari, suna kan teburin gefen gado. Na ɗaga gargaɗin faɗuwa na rana daga 75 zuwa 85, sai na gaya wa Sista gobe ta ce ko ya yi. Uwargida ta tokare mini bayan hagu da filo biyu don kada in mirgina. Ta ce in na danne ta yau ma, gobe a bayan damtsen dama za a manna ta gaba, kuma ita za ta zaɓi wurin.