Musu a teburin mai shayi

Da safen nan a teburin mai shayi a Agege, wani dattijo ya tambayi wani matashi mai kare gwamnati: tun da aka cire tallafin fetur a 2023, ina kuɗin suke shiga? Ai tambayar tana da amsa, ko da ya ce kason jihohi ya ƙaru, a ɗora musu daga nan. Buɗar bakin yaron sai ya ce, "Baba, nawa aka biya ka?" Dattijon ya ture kofinsa, ko rabi bai sha ba, ya miƙe.

Ba wai da can lafiya lau ake ba, tsoffin jam'iyyun siyasar Arewa, NEPU da NPC, har jini sun zubar. Amma ɗan NEPU zai zaunar da kai ya warware maka zancen haraji da jangali. Yaron nan kam, ina jin bai ma san akwai amsa ba.