Tsohuwar kwamfutata da ɗana mai son wasan ƙwallo

Kwamfutar teburin da ke ɗakina ta hannu ce, irin waɗanda ofisoshin Turai ke sallamawa a kawo mana, kuma tun da na saye ta ba ta taɓa ba ni kunya ba wajen rubutu da lissafi. Furosesanta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfuta, Core i5 ne na zubi na huɗu, wanda Intel ya fitar a 2013, tana da RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) mai gigabait 4 da faifan ajiya mai juyawa. Da ɗana mai shekara 11 ya matsa cewa yana son ya riƙa wasa a kanta, ban yi masa musu ba, domin na fi son ya zauna a gida inda idona ke kansa da ya yini a gidan gem na unguwa. Abin da ya rage shi ne ko in ƙara mata kaya, ko in haƙura in tara kuɗin wata.

Na fara da tambayarsa wasan da yake nufi, kuma ina ganin nan ne iyaye da yawa ke yin gaggawa, su je kasuwa kafin su ji daga bakin yaron. Ya ambaci Minecraft da Roblox, waɗanda ba su da nauyi sosai, sannan ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ƙwallo na fi so." Wasan da yake nufi shi ne wanda aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023. Mafi ƙarancin abin da fitowar 2023 ɗin ke nema shi ne furosesa Core i5 na zubi na shida, da katin hoto (na'urar da ke zana hotunan wasa) GTX 1050 Ti, da RAM mai gigabait 8. Ke nan ko na sayi katin, furosesan kwamfutata bai kai mizanin da masu wasan suka gindaya ba, kuma sauya shi zuwa sabon zubi yana nufin sauya babban allon kwamfutar, sauya allon kuma yakan jawo sauya RAM, wanda a ƙarshe daidai yake da sayen wata kwamfuta a cikin tsohon akwati.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ya dakatar da tallafin yau da kullum, har da sabuntawar tsaro, ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa a hukumance yana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama. Wannan ya dame ni ƙwarai, saboda yaro mai wasa ta intanet yana sauke abubuwa barkatai.

Sai na kafa wa kaina ƙa'ida guda: ba zan kashe kuɗi mai kauri ba sai a kan abin da zan iya cirewa in sa a kwamfuta ta gaba. Faifan SSD, wato faifan ajiya mai sauri wanda ba ya juyawa, ya cika wannan sharaɗi, kuma shi ne ya fi kawo sauyin da ido ke gani, domin kwamfutar da ake kunnawa a tafi a dawo yanzu tana tashi nan da nan. Katin hoto ma ya cika shi. Na zaɓi GTX 1050 Ti na hannu, gajere wanda zai shiga siririn akwati, saboda wat 75 kawai yake ja daga allon ba tare da ƙarin waya ba, abin da ke da muhimmanci ga kwamfutar ofis mai ƙaramar na'urar rarraba wuta, da kuma gidan da ke dogara da inbata idan an ɗauke wuta. RAM kuwa tsohon samfuri ce, DDR3, ba za ta shiga sabon allo ba, don haka na ɗaga ta zuwa gigabait 8 kawai, ban ƙara ko ɗaya a kan haka ba. Na kuma sa mai gyara ya kakkaɓe ƙurar hunturu da ta toshe fanka, ya sabunta man da ke tsakanin furosesa da abin sanyaya shi.

Yanzu Minecraft da Roblox suna tafiya lafiya lau, tsofaffin fitowar wasan ƙwallon ma suna yi. Sabuwar fitowar kuwa na gaya masa gaskiya cewa sai mun sami kwamfuta mai furosesa na zubi na takwas ko sama, ranar da za mu kwance faifan da katin mu mayar can. Ya tambaye ni yaushe, na ce masa bayan jarrabawar zango na uku za mu zauna mu duba abin da aka tara.